Shirin Hunturu a Gidan Ƙaramin Manomi na Amurka

Kai mai karatu, in an ce maka hunturu, abin da za ka tuna shi ne iska mai ƙura, da kaushi, da tsagewar leɓe, da jin wuta da asuba. Da hantsi ya yi sai ka yar da mayafi ka tafi sha'aninka. To, akwai ƙasashen da hunturunsu ba haka ya ke ba. A can sanyi ya kan kashe mutum kamar yadda ƙishirwa ke kashe matafiyi cikin hamada. Ina so in ba ka labarin yadda waɗansu ƙananan manoma na ƙasar Amurka suka riƙa shirya wa wannan lokaci, su da matansu da 'ya'yansu, tsakanin shekarar 1870 da 1890, a yankunan da a ke kira Nebraska da Dakota.

Wurin nan yana tsakiyar Amurka, nesa ƙwarai da teku. Fili ne fetal, ciyawa iyakar ganinka, ba dutse, ba kurmi, itace ma sai a bakin kogi. Daga watan Mayu zuwa Satumba akwai zafi da ruwan sama, shuka tana yi. Daga ƙarshen Satumba sai raɓa ta fara daskarewa da dare, ganye ya mutu. Sa'an nan rana ta dinga gajarcewa, har a watan Disamba kamar awa 9 kawai ta ke yi a sama. Ruwan rafi ya zama ƙanƙara mai tauri wadda doki da kekensa za su bi ta kai ba ta fashe ba. Ƙasa kanta ta kan daskare zurfin ƙafa 4 ko 5, ko da gatari ka sare ta sai ka ga kamar dutse ka ke sara. Maimakon ruwan sama, sai wata irin ƙanƙara fara mai laushi ta riƙa zubowa, ita ce mu ke kira dusar ƙanƙara. Ba ta narkewa, sai dai ta taru bisa ta jiya. Wata 5, wani lokaci 6, ba abin da zai tsiro, ba abin da dabba za ta kiwata.

Yadda suka sami ƙasar

Za ka ce, me ya kai mutum zama a irin wannan wuri? Ƙasa ce ta kai shi. A ran 20 ga watan Mayu 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka wadda ta ce duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, ko namiji ko mace marar miji, yana iya neman eka 160 daga gwamnati. Kuɗin takarda duka dala 18 ne. Amma da sharaɗi. Sai ya gina ɗaki a kan filin, ya noma shi, ya zauna shekara 5, sa'an nan ya kawo shaidu biyu su rantse ya yi haka. In ya bar wurin fiye da wata 6, ya rasa shi. Ni da na yi aikin akawu na san takarda ba ta jin sanyi. Wanda ya rubuta shekara 5 a ofis, hunturu 5 ya rubuta, shi kuwa manomi da iyalinsa su ne za su ƙidaya su ɗaya ɗaya.

Talakawa suka yi ta zuwa, waɗansu daga gabashin Amurka, waɗansu daga Jamus, da Norwe, da Suwidin, da Rasha, waɗansu kuma baƙaƙen fata waɗanda suka fita daga bauta. Kada kuwa ka zaci ƙasar ba ta da masu ita. Akwai mutanen wurin na asali, irin su Dakota da Lakota da Pawnee, waɗanda aka kawar da yaƙi da alkawaran da ba a cika ba, kafin a raba wa baƙi filayensu.

Ɗaki

Abu na fari shi ne wurin fakewa. Da ya ke ba itace, ba kuwa kuɗin sayen katako, sai suka yi gini da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Ciyawar wurin tana da saiwa mai yawa wadda ta sarƙe ƙasa kamar tabarma. Manomi ya kan sa garmar shanu ya yanko fatar ƙasar nan, faɗin ƙafa 1, kaurin inci 4, ya datsa ta gunduwa gunduwa, ya jera kamar tubali, gefen ciyawa yana duban ƙasa. Kaurin bango ya kan kai ƙafa 2 ko 3. Ɗaki guda ne, ƙofa ɗaya, taga ɗaya ko biyu, a ciki a ke dafuwa, a ke ci, a ke kwana. Waɗansu ma ba su gina ba, gefen tudu suka haƙa suka shiga, suka toshe gaba.

Ɗakin nan yana da aibu. In an yi ruwa kwana ɗaya a waje, sai a yi kwana biyu yana ɗiga a ciki. Ɓeraye da macizai su kan yi gida cikin rufin, har uwargida ta kan shimfiɗa akoko a sama don kada ƙasa ta faɗa cikin tukunya. Amma ga sanyi ya fi ɗakin katako nesa, wuta kuma ba ta cinsa. Da kaka ta yi, sai a bi bango a toshe kowace kafa da laka da tsumma, a ƙara ƙasa a rufi, a tara ciyawa ko taki a gindin bangon da ke fuskantar arewa. Ƙofa kuwa masu wayo su kan sa ta riƙa buɗewa ta ciki, gama in ƙanƙara ta taru a bayanta har bisa, wadda ke buɗewa ta waje ta zama murfin kabari.

Dabbobi kafin mutane

Ƙaramin manomi ba shi da dukiya da ta wuce takarkarai biyu ko dawaki biyu na noma, da saniyar tatsa ɗaya, da 'yan kaji. In waɗannan suka mutu cikin hunturu, ko shi ya rayu ba shi da abin noma baɗi. Don haka shirin dabbobi shi ne kan gaba, tun watan Yuli a ke fara shi, rana tana dukan ƙeya, sa'ad da ba wanda zai ce za a yi sanyi a duniya.

Maigida ya kan yanke ciyawar daji da wani lauje mai doguwar ƙota wanda a ke riƙewa da hannu biyu a tsaye, ko in yana da hali ya ari injin yanka na doki. Matarsa da yara su bi baya suna juya ta har ta bushe, su tattara, a yi tsibi babba mai tsinin kai don ruwa ya zurare. To, ga lissafi. Saniya ɗaya ta kan ci ingirici wajen laba 25 a yini. In ka riɓa wannan da kwana 180, ka sami laba 4,500, watau kamar tan 2. Mai dabba huɗu ke nan sai ya tanadi tan 8, ya kuma ƙara, domin ba wanda ya san ranar da sabuwar ciyawa za ta fito. Wanda ya ga ingiricinsa ba zai kai ba, gara ya sayar da dabba ɗaya ko ya yanka ta tun tana da ƙiba, da ya zuba ido duka su rame tare.

Akwai wani abokin gaba kafin sanyi, shi ne gobarar daji. Da ciyawa ta bushe a watan Satumba da Oktoba, tartsatsi ɗaya ya isa, iska kuwa ta kan kora wutar da gudun da doki ke wahalar tsere mata. Saboda haka a kan yi huɗa kewaye da gida da barga da tsibin ingirici, a bar rata, a sake yin wata huɗa, sa'an nan ran da ba iska a ƙone ciyawar da ke tsakani. Wanda ya yi ragwancin wannan aiki na yini biyu, ya kan rasa aikin wata biyu cikin sa'a guda.

Abin hura wuta

A nan ne wahalar ta fi yawa, a nan kuma zan daɗe. Kai da ka ke hura wuta don tuwo, ka kashe in an gama, yi tunanin murhun da ba ya mutuwa dare da rana har wata 5, a ƙasar da ba itace. Murhun na ƙarfe ne, yana tsakiyar ɗaki, yana da bututu mai fid da hayaƙi ta rufi. Shi ne ran gidan. In ya mutu da dare, da safe ruwan tulu ya zama dutse, burodi sai da gatari, numfashin masu barci ya daskare fari a bakin bargo.

Kwal yana zuwa ta jirgin ƙasa, amma da tsada, sai mai kuɗi. Itacen bakin kogi kuwa na farkon zuwa sun sare shi, wani sai ya yi tafiyar yini biyu da keken doki kafin ya samo lodi ɗaya. Saboda haka yawancinsu suka koma ga kashin dabbobi. Da fari na ɓaunar ƙasar ne, wadda a da ta ke yawo garke garke ba iyaka. Da maharba suka kusa ƙare ta wajen 1883, sai aka koma ga na shanu. Tsince shi aikin mata da yara ne. Duk kaka suna yawo cikin fili da buhu ko baro, suna juya busasshen kashi da ƙafa kafin su ɗauka, don kunama ko maciji ko ɗanyen da ke ƙasa. A tara shi tsibi kusa da ƙofa, a rufe da ciyawa. Matan da suka fito daga birane da fari da tsumma su ke ɗauka, suna yatsina. Kafin shekara ta kewayo sun daina. Yana ci da sauri, yana barin toka da yawa, har mutum ya kan ga kamar abin da ya ke fitarwa ya fi abin da ya ke shigarwa.

Ban da shi akwai totuwar masara, da karan wata fure mai tsawo da ke bin rana, wadda waɗansu ke shukawa musamman don makamashi. A shekarar da masara ta faɗi a kasuwa, har ita kanta su kan zuba cikin murhu, gama kuɗin da za a sayar da ita ba zai sayi kwal mai zafinta ba. Na san wannan zai yi maka nauyi a kunne, a ce an ƙona hatsi. Amma mutumin da yatsun 'ya'yansa ke neman mutuwa ba ya tsaya wannan shawara.

In duk waɗannan sun ƙare, sai ingirici. A kan ɗebi dogayen ciyayi cike da hannu, a murɗa su tam kamar mai tufka igiya, a naɗe biyu, a cusa bakin, ya zama kamar guntun itace. Minti kaɗan ya ke yi ya cinye. Don haka a ranar sanyi mai tsanani mutum ɗaya ba shi da wani aiki tun safe har dare sai murɗa, wani kuma sai zubawa. Ciyawar tana yanka hannu har ya yi jini. Ka lura kuma da abin da wannan ke nufi: kowane dami da aka ƙona, daga bakin saniya aka cire shi. Maigida ya kan tsaya gaban tsibinsa a watan Fabrairu yana awo da ido, yana raba shi tsakanin murhu da barga.

Abinci

Abincin gida hannun uwargida ya ke, ita ce ta san abin da bakin mutum shida zai ci daga Nuwamba zuwa Mayu. Tushensa dankalin Turawa ne, da garin masara, da garin alkama, da wake. Hatsi da wake ba ruwansu da sanyi. Dankali kuwa yana da wuyar sha'ani: in ya daskare sau ɗaya, da ya narke sai ya yi ruwa ya ruɓe, in kuwa ya ji ɗumi sai ya tsiro. Don haka a kan haƙa masa rami mai zurfi, ƙasa da inda daskarewa ke kaiwa, a yi masa rufi da ƙofa, ya zama ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. A nan a ke zuba shi, da karas, da kabeji, da sauran saiwoyi. Tonon dankali gaggawa ne, dukan gida a ke fita, har ɗan shekara 5 yana tsinta, gama dare ɗaya na sanyi mai ƙarfi ya isa ya kulle shi cikin ƙasa. A daren da sanyi ya wuce misali, a kan sauka da garwashi cikin kasko a ajiye a ramin.

Kabewa a kan yanka ta zobe zobe, a zura a sanda, a rataya bisa murhu ta bushe. Albasa a kitsa ta a rataye. 'Ya'yan itatuwan bakin rafi yara su tsinko, a shanya ko a dafa da sukari. Jamusawa su kan yayyanka kabeji ƙanana, su danna cikin ganga da gishiri, ya yi tsami, ya kai wata da watanni bai lalace ba. Maƙwabtansu sun yi musu dariyar warinsa, amma a ƙarshen hunturu, sa'ad da dasashin mutane ke ciwo don rashin ɗanyen ganye, 'ya'yan Jamusawan su ne masu lafiya. Akwai kwalabe masu murfi na adana abinci, waɗanda wani John Mason ya ƙaga a 1858, sai dai ba kowace mace ke da su da yawa ba.

Wani abu kuma da za ka sani: zaƙinsu daga takanda ya ke. An kai irinta Amurka cikin shekarun 1850, waɗansu iri daga Afirka ta Kudu. Da kaka su kan yanke karan, su matse shi a injin da doki ke juyawa, su dafa ruwan cikin faranti mai faɗi har ya yi kauri kamar zuma, su cika ganga. Da shi a ke cin burodin masara safe da yamma.

Nama sai sanyi ya kama sosai, wajen Nuwamba, lokacin da ba ƙuda. Yawancinsu alade su ke yankawa, gama ba Musulmi ba ne, masu hali kuma su ƙara da sa. Ranar yanka maƙwabta su kan taru su taimaka, kowa ya koma da tsoka, ran nasa yankan ya rama. A kan jiƙa naman cikin ruwan gishiri mai ƙarfin da ƙwai zai taso a kansa, ko a yi masa banda da hayaƙin totuwa. Cinyar sa kuwa a rataye ta a waje inda kyarkeci ba zai kai ba, sanyi ya riƙe ta, kullum a yanki na miya da zarto. Kitse ba a zubarwa. Wani a soya abinci, wani a yi kyandir, wani a haɗa da ruwan toka a dafa sabulun shekara.

Duk wannan fa in gona ta yi ke nan. A 1874 fara ta sauka a Nebraska da Dakota da Kansas, ta rufe rana, ta cinye masara da lambu har albasar da ke cikin ƙasa. A wannan shekara iyalai da yawa sun shiga hunturu da rami wofi, sai da aka aiko musu da taimakon abinci da tsofaffin tufafi daga gabas, har sojoji suka yi rabo.

Tafiyar ƙarshe zuwa gari

Akwai abin da gona ba ta bayarwa: gishiri, da kananzir, da ashana, da gahawa, da takalma. Kuɗinsu kuwa sau da yawa ba daga gonar ya ke fitowa ba. Maigida ya kan tafi ƙodago wajen masu shimfiɗa hanyar jirgi, ko girbi a gonakin manya, ya bar matarsa da yara su kaɗai mako da makonni, ita ce mai tatsa, ita ce mai tsaron wuta, ita ce mai riƙe wa gidan haƙƙinsa a gaban doka. In ya komo, sai ya ɗaura dawaki ya tafi gari, tafiyar yini ɗaya ko biyu, ya kai alkama a niƙa, ya sayo abin da kuɗi ya kai, sauran ya ci bashi a kanti. Tun da ya fita, matar tana duban arewa maso yamma, inda hadarin ke fitowa.

Ita kuma da dare, a gaban fitila, tana saƙa safar ƙafa da ta hannu da zaren ulu, tana rage rigar uba ta zama ta ɗa, tana harhaɗa ƙyallaye su zama bargo. Buhun gari ma ba a yar da shi, riga ce ta ciki. Aiki na ƙarshe ƙarami ne, amma ka riƙe shi: a kan ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar barga. Tsakaninsu bai fi taku 30 ko 40 ba. Za ka ji dalili.

Sa'ad da ƙofa ta rufe

In hunturu ya zauna, duniyar iyalin ta zama ɗaki ɗaya da barga. Da asuba uba da babban ɗa su fita su ba dabbobi ciyawa, su fasa ƙanƙarar kwalo da gatari don su sha. Uwa ta narka dusar ƙanƙara a tukunya don wanki. Kaji su daina ƙwai, nonon saniya ya ja baya. Da dare a ɓare masara, a gyara linzami, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura tsohuwar jarida, ko an karanta ta sau goma. Yara uku ko huɗu a gado ɗaya, da dutse mai zafi naɗe cikin tsumma a wajen ƙafa. In mace ta tashi haihuwa, maƙwabciya ce ungozoma, in hanya ta yarda. In an yi mutuwa, sai a hura wuta bisa ƙasa kwana guda kafin a iya haƙa kabari, ko a ajiye gawa cikin sanyi har ƙasa ta saki. Kaɗaici ya taɓa hankalin waɗansu, musamman mata waɗanda su kan yi wata biyu ba su ga fuskar wata mace ba, ba su jin kome sai kukan iska.

Hunturu biyu da ba a manta ba

Mutanenmu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amma wani lokaci tafiyar ce ke zuwa kafin ranarta. A 1880 guguwar ƙanƙara ta fari ta faɗo ran 15 ga Oktoba, wajen wata guda kafin lokacin da aka saba. Dankali yana cikin ƙasa, masara tana tsaye a gona, alkamar waɗansu ba a sussuke ba. Daga nan guguwa ta yi ta bin guguwa har watan Afrilu. Ƙanƙara ta cike hanyar jirgi, in an haƙe yau gobe ta koma, har kamfani ya haƙura. Sababbin garuruwan Dakota, waɗanda suka dogara ga jirgi don gari da kwal, suka yi wata da watanni ba abin da ya shigo. Mutane suka ƙone shinge, da katakon hanyar jirgi, waɗansu har kujerunsu. Suka riƙa niƙa alkamar iri a ɗan injin niƙa gahawa na hannu, yini guda ana juyawa kafin a sami na burodin yini. Wata yarinya mai shekara 13 da ke garin De Smet a lokacin, sunanta Laura Ingalls Wilder, ta rubuta labarin wannan hunturu a wani littafi da ya fito a 1940, jirgi kuwa bai iso garinsu ba sai watan Mayu. Da ƙanƙarar ta narke a 1881, Kogin Missouri ya cika ya share yawancin garin Vermillion, sai bisa tudu aka sake gina shi.

Na biyu ya fi gajarta, ya fi kuma ban tausayi. Ran 12 ga Janairu 1888 gari ya waye da ɗumi bayan kwanaki na sanyi. Maza suka fita ɗebo ciyawa, aka saki dabbobi, yara suka tafi makaranta, waɗansu ba su ɗauki manyan rigunansu ba. Ka sani a ƙauyukan nan da hunturu a ke yin yawancin karatu, gama lokacin ne ba aikin gona. Wajen tsakar rana sai iska ta juyo daga arewa maso yamma ba sallama, ɗauke da ƙanƙara mai laushi kamar gari, wadda ke shiga ido da hanci ta daskare. Mutum ba ya ganin hannunsa in ya miƙa. Waɗansu malamai suka riƙe yara a makaranta, suka ƙona tebura har gari ya waye, suka tsira. Wata malama a Nebraska, Minnie Freeman, da iska ta yaye rufin makarantarta, ta jagoranci almajiranta 13 har wani gida, ba wanda ya mutu. Waɗansu kuwa suka sallami yaran su tafi gida. An ƙiyasta mutum wajen 235 suka hallaka, da yawansu yara. An tsinci waɗansu manya a daskare taku kaɗan daga ƙofarsu, sun fito daga barga sun kuskure ɗakin, suka wuce cikin fili. Dalilin igiyar ke nan.

Ba kowa ya kai ƙarshen shekara 5 ɗin ba. Cikin wajen mutum miliyan 4 da suka nemi fili a ƙarƙashin dokar, kamar miliyan 1 da dubu 600 ne suka karɓi takardar mallaka. Saura fari ya kore su, ko fara, ko bashi, ko hunturu, waɗansu kuma dama sun shiga ne don su sayar. An rufe dokar a 1976, sai a Alaska da aka bar ta har 1986.

Yau jikokin waɗanda suka zauna suna da lantarki, wadda ta fara isa ƙauyuka sosai bayan 1936, da injin da ke yanke ingirici ya ɗaure shi, da motar share hanya, da rediyo mai faɗin hadari tun kafin ya iso. Ɗakunan ƙasar nan sun rushe sun koma gona, sai kaɗan da aka adana don masu kallo. Gonakin ma sun haɗe sun zama manya, gama eka 160 ba ta riƙe iyali a wannan busasshiyar ƙasa. Amma har yanzu da kaka za ka ga makiyayi yana ƙidaya damman ingirici yana ƙidaya shanu. A farkon Oktoba 2013 guguwar ƙanƙara ta faɗa wa yammacin Dakota ta Kudu, shanu suna can makiyayar damina ba a komo da su kusa da gida ba, gashinsu na sanyi bai fito ba tukuna. Ruwa ya fara jiƙa su, sa'an nan ƙanƙara ta biyo da iska. Dubbai barkatai suka mutu cikin kwana biyu, waɗansu a jikin shinge inda iska ta tura su.